KYAUTA CE KO BASHI? KUƊIN JURE WA SAUYIN YANAYI DA AMANAR DA KE WUYANMU



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda ke saukar da ruwa gwargwadon yadda Ya so, Ya kuma riƙe shi sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malamanmu masu girma, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, maudu'in da aka ɗora mana a yau ba a saba jin irinsa a wannan majalisi ba. Saboda haka ba mamaki wani ya ce a ransa, me ya haɗa ɗaliban ilimi da kuɗin Turawa da tarurrukan Majalisar Ɗinkin Duniya? Amsar tana cikin abin da idanunmu suka gani. A daminar 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba matsuguni. A cikin wannan watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwan sama. A watan Mayu na 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka fiye da 150 a dare ɗaya.

Da sunan waɗannan bayin Allah, da ire-irensu a Afirka da Asiya, ake zama kowace shekara a manyan biranen duniya ana ambaton biliyoyin daloli. Wanda ake neman kuɗi da sunansa kuwa ya wajaba ya san ko nawa ne, daga ina suke fitowa, da wane sharaɗi, kuma a hannun wa suke tsayawa. Jawabinmu zai kewaya ne a kan tambaya guda: wannan kuɗi kyauta ce ko bashi? Domin kuwa amsarta ita ce za ta nuna ko an sauke wa talaka kaya ne, ko an ƙara masa.

RABE-RABEN KUƊIN

Masana sun tabbatar cewa ƙona kwal da man fetur da iskar gas, wanda aka shafe kusan shekara 200 ana yi tun farkon masana'antu a Turai, ya tara hayaƙin da ke riƙe zafi a sararin sama, har zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya. Abin da manomi ke gani daga wannan shi ne daminar da ba ta da tabbas: ta makara, ko ta ɗauke ana tsakiyar bunni, ko ruwan wata guda ya zuba a kwana biyu.

Kuɗin da ake magana a kansu sun kasu uku. Kashi na farko na rage hayaƙi ne, kamar kafa tashar lantarki mai aiki da hasken rana a maimakon mai ƙona man gas. Na biyu na shirin jurewa ne, watau a gyara rayuwar mutane ta yadda za su iya zama da yanayin da ya riga ya sauya: a yi jinga a bakin kogi, a yashe magudanan ruwa, a samar da iri mai saurin nuna, a haƙa rijiyoyi, a kafa hanyar gargaɗi kafin ambaliya. Na uku na asara da ɓarna ne, watau abin da ake bayarwa bayan bala'i ya riga ya auku. Maganarmu a kan kashi na biyu take.

A nan akwai wata mas'ala da ya kamata mu riƙe da kyau. Tashar lantarki tana sayar da wuta, saboda haka in an gina ta da bashi, tana iya biyan bashin da cinikinta. Jingar da ta kare ƙauye ba ta sayar da komai. Ribarta ita ce gidajen da ba su rushe ba da yaran da ruwa bai ci ba, wannan kuwa ba a kai shi banki. Shi ya sa 'yan kasuwa ba su cika sa jarinsu a irin wannan aiki ba, shi ya sa kuma bashin da aka ci dominsa daga harajin jama'a ake biyansa, watau daga kuɗin asibiti da makaranta. Aikin jurewa, bisa ɗabi'arsa, tallafin da ba a biya yake bukata.

ASALIN HAƘƘIN

Wani zai ce, to a kan me za su ba mu kyauta? Mu ɗauki misali daga unguwa. Maƙwabci ya gina bene, ya juya indararonsa a kan katangarka ta ƙasa. Damina ta zo, katanga ta soma zaizayewa. Ka kai ƙara wurin mai unguwa, sai maƙwabcin ya ce ya yarda zai ba ka rancen kuɗin siminti, ka biya shi cikin shekara goma da ɗan abin da ya hau. Babu alƙalin da zai kira wannan taimako. Sananne ne a fiƙihu cewa wanda ya jawo ɓarna a dukiyar wani shi ke lamunce ta, hankali ma abin da ya hukunta ke nan.

Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ake ƙonawa a duniya, alhali kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙasashe masu arziki da kansu sun sa hannu a kan wannan ma'ana. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Riyo ta ƙasar Burazil a 1992 ta ce nauyin na kowa ne, amma ya bambanta gwargwadon abin da kowa ya aikata da abin da yake iyawa, ta kuma ɗora wa ƙasashen da suka ci gaba taimaka wa masu rauni wajen biyan kuɗin jurewa. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta sake jaddada hakan, har ta ambaci bukatar kuɗin gwamnatoci da tallafin da ba na bashi ba a wannan fanni. Ke nan mai neman wannan kuɗi haƙƙin da aka rubuta aka sa wa hannu yake nema, bai kamata ya sunkuyar da kai kamar mai bara ba.

ALKAWARI DA CIKAWA

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Bari mu bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya mu ga nawa aka sauke.

A taron Kofanhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020. Da 2020 ta zo, ƙungiyar OECD, wadda ita ce ta su masu arzikin, ta lissafa dala biliyan 83.3. Sai a 2022 lissafin nata ya haye, ya kai biliyan 115.9, a cikinsu kuwa abin da ya tafi aikin jurewa biliyan 32.4 ne kacal. A taron Gilasgo na 2021 an yi alkawarin ninka kuɗin jurewa sau biyu kafin 2025, watau ya kai wajen biliyan 40 a shekara. A taron Baku na 2024 an tsai da sabon adadi na biliyan 300 a shekara kafin 2035, wanda wakilan Indiya da Nijeriya suka tashi a zauren suka yi tir da ƙanƙantarsa. A taron Belem na 2025 an yi kira da a ninka kuɗin jurewa sau uku kafin 2035.

To mene ne gwargwadon bukatar? Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2025, ta ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa za su bukaci tsakanin dala biliyan 310 zuwa 365 a kowace shekara kafin 2035 domin aikin jurewa kaɗai. Abin da ta lissafa ya zo musu daga waje a 2023 kuwa biliyan 26 ne, ƙasa da biliyan 28 na shekarar da ta gabace ta. Watau ba a kai ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Sa'an nan alkawarin da aka yi ma ana iya janye shi. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga yarjejeniyar Faris karo na biyu, ta kuma soke dala biliyan 4 da ta yi alkawarin zubawa a babban asusun yanayi. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: abin da zaɓen wata ƙasa ke iya kawowa, zaɓen wata shekara yana iya ɗauke shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

'Yan'uwa, ƙarancin kuɗin rabin matsalar ne. Ɗaya rabin shi ne siffar da suke zuwa da ita. A lissafin OECD na 2022, kashi 69 cikin 100 na kuɗin da suka fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa bashi ne, tallafin da ba a biya kuwa kashi 28 ne. Ana lissafa bashin dala miliyan ɗari a matsayin taimakon dala miliyan ɗari, ko da za a mayar da shi har da ƙari. Ƙungiyar Oxfam ta sake auna kuɗin 2020 bayan ta cire abin da za a biya da abin da aka kumbura, sai ta ga haƙiƙanin taimakon da ke cikin biliyan 83.3 ɗin nan bai wuce biliyan 21 zuwa 24.5 ba.

Mu dubi Fakistan. Ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe wajen 1,700, an kuma ƙiyasta ɓarna da asarar da ta yi a kan dala biliyan 30. A watan Janairu na 2023 aka yi taron neman gudummawa a Janeba, aka sanar da alkawuran fiye da biliyan 9, jaridun duniya suka ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ministan kuɗin ƙasar, Ishaq Dar, ya bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin bashi ne na ayyuka. Ƙasar da bashi ya riga ya yi wa katutu, ruwa ya cinye ta, aka zo jaje da takardar sabon bashi.

Mu dawo gida. Da yawa daga cikinmu mun ga allunan shirin ACReSAL a jihohinmu. Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 a kan dala miliyan 700, domin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Mun sha jin mutane suna cewa Bankin Duniya ya ba mu kyauta. A'a, rance ne, mai sauƙin sharaɗi da dogon wa'adi, amma rance dai, kuma da kuɗin waje za a biya shi. A ƙarshen 2021 dala tana wajen naira 410 a farashin hukuma, watau rancen bai kai naira biliyan 300 ba. A ƙarshen 2024 dala ta haura naira 1,500, sai rancen nan ya zarce naira tiriliyan ɗaya ba tare da an ƙara ko sisi ba. Ba muna cewa shirin ba shi da amfani ba ne. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ke makarantar allo a yau yana cikin masu biya, saboda haka duk bishiyar da aka dasa ta mutu don rashin ban ruwa, bashi ne aka bar masa ba tare da inuwa ba. Hukuncin abin da ke hawa kan bashi kuwa ba ya bukatar bayani a wannan majalisi.

ƘOFOFIN TALLAFI

Tare da haka, akwai ƙofofin da ake ba da tallafi na gaskiya, kuma jahiltarsu asara ce. A taron Marakesh na ƙasar Maroko a 2001 an kafa asusu na musamman domin ƙasashe mafiya talauci, irin su Nijar da Chadi, aka kuma kafa Asusun Jurewa. Wannan na biyu tallafi zalla yake bayarwa, kuma ya zo da wani tsari mai kyau, watau hukumar cikin gida, in ta cika sharuɗɗan riƙon kuɗi, tana iya karɓa kai tsaye ba sai ta bi ta hannun wata hukumar waje ba. Sinigal ce ta fara shiga ta wannan ƙofa a 2010, ta karɓi dala miliyan 8.6 domin kare garuruwan bakin teku daga zaizaya. Amma duk abin da asusun ya ware tun farkonsa ya ɗan haura dala biliyan ɗaya ne kawai, ga ƙasashe masu yawa.

Babban cikinsu shi ne Koren Asusun Yanayi, wanda aka amince da kafa shi a Kankun ta ƙasar Meziko a 2010, hedkwatarsa tana Koriya ta Kudu. Manufarsa ita ce raba kuɗi daidai tsakanin rage hayaƙi da jurewa, rabin na jurewa kuma ya tafi Afirka da ƙananan tsibirai da ƙasashe mafiya talauci. Shi yana ba da tallafi, yana kuma ba da bashi. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, wanda aka fara a 1992, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana gudanar da shi. Wannan shi ne mafi kusa da irinmu, domin ƙungiyoyin al'umma yake ba wa, kuma shekaru da dama iyakarsa dala 50,000 ce ga aiki guda.

Me ya sa to ba mu gani a ƙasa? Domin ƙofar ƙunci gare ta. Ana bukatar takardar neman aiki mai shafuka masu yawa da harshen Turanci, da bayanan ruwan sama na shekaru, da hujjar cewa matsalar daga sauyin yanayi take, da sa hannun gwamnati, da hukumar da aka tantance. Tantancewar kanta takan ci shekaru. Saboda haka ƙasar da ta fi rauni, wadda yaƙi ko talauci ya karya ma'aikatunta, ita ce ta fi kasa cika takarda. Abin da ya fito kuma yakan bi ta hannun dillalai da masana da tarurrukan otal kafin ya kai ƙauye. Wata cibiyar bincike ta Landan mai suna IIED ta bi diddigin kuɗin asusan yanayi daga 2003 zuwa 2016, ta gano cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne aka ware domin ayyukan matakin ƙananan al'ummu.

IN YA ISA HANNUN DA YA DACE

Kada wani ya fahimci cewa aikin jurewa tatsuniya ce. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladesh. A 1991 wata ta kashe wajen 138,000. Bayan haka ƙasar ta gina dubban mafaka masu tsawo, waɗanda ake karatu a cikinsu a sauran ranaku, ta horar da dubban 'yan sa kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Amfan ta zo a 2020 an kwashe fiye da mutum miliyan biyu, waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba. Ajali yana hannun Allah, amma ga abin da riƙo da sababi ya haifar.

Misali na biyu na maƙwabtanmu ne kuma 'yan'uwanmu. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, watau maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, gawo a kan gaba. A ƙasar Tawa kuma manoma suka farfaɗo da fako da ramukan tassa masu tare ruwa da taki. Kuɗin da aka kashe a waɗannan kaɗan ne in an gwada da manyan shirye-shirye. Abin da ya sa suka ɗore shi ne manomi ya san itacen nasa ne.

A Kenya, wasu yankunan makiyaya kamar Isiyolo da Wajir sun kafa asusun yanayi na ƙaramar gwamnati, inda kwamitin mazaɓa, wanda mutanen wurin suka zaɓa, ke yanke shawarar ko rijiya za a gyara ko tafki za a killace. Misalan nan uku abu ɗaya suke faɗa: kuɗi kaɗan a hannun masu wurin sun fi kuɗi masu yawa a hannun baƙo.

LAIFINMU NA CIKIN GIDA

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nijeriya tana da asusun kula da muhalli tun 1981, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin tarayya domin yaƙi da zaizaya da ambaliya da kwararowar hamada. A 2018 wata kotu a Abuja ta ɗaure wani tsohon gwamna saboda karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya daga wannan asusu. Madatsar Alau da ta ɓalle a 2024 ta taɓa jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994, shekara 30 cif tsakani. Magudanan ruwa na biranenmu ba Bature ne ya cika su da leda ba, ba kuma shi ya sayar da filaye a kan hanyar ruwa ba.

Mun taɓa zuwa wa'azi wani ƙauye, muka tarar da allo babba a bakin hanya yana shelar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Da muka isa sai muka ga tanki a tsaye, famfo a bushe, mata suna dawowa daga rafi da tuluna. Muka tambayi dattawan garin nawa aka kashe, wa ya bayar, wa ke da alhakin gyara. Ba wanda ya sani. An zo an yi, an ɗauki hoto, an tafi. Duk irin wannan allo hujja ce a hannun mai son ya ce ba za a ba mu tallafi kai tsaye ba domin ba mu da amana. Wanda ya ci kuɗin jinga ya zalunci mutanen ƙauyensa, ya kuma toshe ƙofa ga ƙauyuka dubu da ke bayansu.

SHUBUHOHI BIYU

Akwai masu cewa fari da ambaliya ƙaddara ce, saboda haka shirya musu rashin tawakkali ne. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta ishe mu amsa. An sanar da shi shekarun yalwa bakwai da na ƙunci bakwai, sai ya tsara yadda za a ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa, ya kuma nemi a ba shi riƙon taskokin ƙasa saboda amanarsa da iliminsa. A lura da siffofin nan biyu, domin su ne ainihin abin da aikin da muke magana a kansa yake nema.

Akwai kuma masu cewa duk kuɗin da ya fito daga waje makirci ne, a guje shi. Taka tsantsan wajibi ne, kuma lalle akwai tallafin da ke zuwa da sharaɗin da bai dace da mu ba. Amma maganin wannan shi ne a karanta takarda kafin a sa hannu, a karɓi abin da ya dace, a mayar da wanda bai dace ba. Wanda ya ƙi karɓar diyyar katangarsa don yana zargin maƙwabci, maƙwabcin ya yi wa alheri. Kuma ko mun karɓa ko mun ƙi, ana ci gaba da cin bashi da sunanmu.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Na farko, mu koyi tambaya. Duk aikin da aka kawo garinmu da sunan muhalli ko sauyin yanayi, mu tambayi shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu cikin ladabi: kyauta ce ko bashi? Nawa ne? Wa ke kwangila? Wa zai gyara in ya lalace? Takardun manyan shirye-shirye irin na Bankin Duniya a buɗe suke a intanet, ɗalibanmu masu Turanci su karanta su fassara wa jama'a.

Na biyu, mu gyara riƙon kuɗinmu. Kwamitin da ba shi da rajista, ba shi da asusun banki, ba shi da littafin shiga da fita, ba zai taɓa samun ko ƙaramin tallafi ba, kuma bai cancanta ba. Rubuta mu'amalar kuɗi da kafa shaidu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne ma ya kamata a koya daga gare mu.

Na uku, mu ware wasu daga cikin matasanmu su ƙware a ilimin noma da ruwa da lissafin kuɗi da rubuta takardar neman aiki. Al'ummar da ba ta da masu wannan ilimi, wani ne zai riƙa magana a madadinta, ya kuma ci ladan.

Na huɗu, mu nemi gwamnatocinmu su dage a teburin shawara cewa aikin jurewa da tallafi za a yi shi, su kuma buga wa jama'a abin da ya shigo asusun muhalli da inda ya tafi, jiha jiha.

Na biyar, kada mu zauna jira. Sayyidina Usmanu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita waƙafi ga jama'a. Rijiya da dashen itace da yashe kwata da rumbun tsimi na unguwa duk suna cikin abin da waƙafi da gudummawar masu hali da aikin gayya za su iya ɗauka. Kowane reshe ya zaɓi aiki ɗaya kafin damina mai zuwa, ya rubuta abin da ya tara da abin da ya kashe, ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Reshen da ya yi haka shekara biyu a jere ya riga ya mallaki shaidar da masu ba da tallafi ke nema, in kuma ba su zo ba, rijiyarsa tana nan.

'Yan'uwa masu girma, wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Maiduguri da Mokwa da sauran wurare, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu zama masu riƙon amana a ƙaramin abu da babba.